Ragowar Maganin Gidan Wagiran

Ranar da tari ya sauka a ƙirjin Tukinah, hankalin kowa a gidan yana kan Janar. Janar tsuntsu ne, baƙi mai doguwar wutsiya, wanda ƙaninta Wagiran yake kaiwa gasar waƙar tsuntsaye tun daga nan garinmu Klaten har biranen Solo da Semarang. Kofunan da ya ciyo sun cika saman kabad ɗin falo, har sai da aka sauke hoton iyayensu aka jingine a bayan ƙofa don a sami wuri. Da safen nan wanka ake yi masa da 'yar kwalbar feshi. Wagiran yana tsugune yana yi masa fito, Tukinah tana riƙe da kejin hannu bibbiyu, sai tarin ya ƙwace mata.

"Yaya, don Allah ki riƙa juya kai," in ji Wagiran, ko kallonta bai yi ba. "Kin san yaron nan duk abin da ya ji sai ya kwaikwaya. Tun bara nake koya masa kukan gyare, kada ki ɓata min aiki."

"To," in ji ta. Ta juya ta ƙarasa tarin a kafaɗarta.

Tukinah ita ce yayar maigidan, ba miji ba ɗa, ɗakinta kuwa ɗan lungun nan ne na jikin kicin. Ita ke girki, ita ke wanki, ita ke ɗaukar gora ta je ta kaɗo wa Janar ƙwan jan tururuwa daga kan mangwaro, ta dawo wuya duk cizo. Kuma ita ke cin saura. Ba zagi na yi ba, tsarin gidan ke nan, kowa a layinmu ya sani. Shinkafar da ta kwana tata ce. Zanen da Murtini, matar Wagiran, ta gaji da shi nata ne. Silifas ɗin da ya tsinke wa Retno, 'yar gidan, da an soka masa ƙusa ya zama na Goggo. Abin da mutanen layi ba su sani ba shi ne har magani ma saura take sha.

Akwai wani gwangwanin biskit a saman firij, wanda biskit ɗinsa ya ƙare tun wata Sallah da ba mai iya tunawa. Duk wanda ya kwanta ciwo a gidan akan kai shi asibiti, likita ya rubuta masa kafso ya ce lallai ya shanye duka. Da ya ɗan ji dama, sai Murtini ta ce jiki ya gode, ta kwashe ragowar ta zuba a gwangwani. Wannan rabon Yaya ne. Tukinah dama mai ciwon ƙirji ce, ba damina da za ta wuce ba ta yi tari ba, amma ba a taɓa kai ta gaban likita ba. Murtini takan zura hannu a gwangwanin kamar mai ɗibar gyaɗa, ta zaɓo mata masu kyan launi.

"Magani ai magani ne," takan ce. "Shi ciwon ya iya karatu ne da zai duba sunan wa aka rubuta?"

Wannan karon ma haka aka fara. Murtini ta kwantar da ita rub da ciki, ta shafe mata baya da man zafi, ta sa tsohon kwabo ta kankare ta layi-layi har bayan ya yi jawur, yadda muke yi wa wanda sanyi ya shiga. Ta ja da baya tana yaba aikinta.

"Kin ga yadda ya yi ja? Sanyi ne kawai, gobe za ki tashi garau. Af, kafin ki kwanta ki ɗan jiƙa min waken soya."

Washegari Tukinah ta ƙona shinkafa tana tsaye a kanta, ba ta ji ƙauri ba. Hayaƙi ne ya fito da mutanen gidan daga falo. Ta ɗauko tukunyar ta kai hanci, ta shaƙa, ta ce ita ba ta jin komai.

A wannan daminar ba wanda bai san ma'anar hakan ba. Lasifikar masallaci ba ta hutawa da sanar da mutuwa, kuma mai unguwa ya kafa doka: duk gidan da aka sami mai korona, za a ɗaura masa ƙyalle rawaya a ƙofa, ba shiga ba fita. Ga shi ranar Lahadi akwai gasa. Hukuma ta hana taro, amma masu tsuntsaye sun shirya tasu a ɓoye a bayan wurin gasa bulo, kuma Janar ne kowa ke jira.

"Kada wanda ya ambaci sunan ciwon nan a gidana," in ji Wagiran. "Kiran sunansa ne ke jawo shi."

"Baba, ai ana gwaji a ƙaramin asibiti," in ji Retno, idonta a kan waya.

"Idan aka ɗaura ƙyallen, ɗan acaɓan da ke kai miki man bilicin ɗinki wurin masu saye ta ina zai shigo?"

Retno ta yi tunani ta ce ita ma dai ta ga kamar sanyi ne.

Aka mayar da Tukinah rumfar bayan gida inda ake ajiye buhunan dusa. Wagiran ya ce don ta sami iska mai kyau, amma da kansa ya auna nisan wurin da kejin Janar, ya sa ta yi tari ya koma falo ya saurara. Abinci kuma da sandar tsintsiya ake turo mata. Duk da haka ba ta rasa baƙi ba, don Murtini takan zo bakin taga, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Yaya, ya jiki? Wai ita miyar kwakwar nan, gishiri ake fara sawa ko ruwa?"

Tukinah takan ba da amsa a gutsure, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

Da zazzaɓi ya ƙi sauka, sai aka ƙara wa gwangwani aiki. Murtini ta shirya abin da tsari, don mace ce mai son tsari: ja da safe, kore da rana, farare da yamma. Tukinah tana haɗiya. Kakin da take tofarwa ya tashi daga fari ya koma kore, daga baya ya ɗauki launin tsatsa. Sallah ta koma yi a zaune, sannan a kwance. Fatiha da take karantawa da numfashi ɗaya tun tana yarinya, yanzu sai ta yanka ta gida-gida. Tsoro ya kama ta sosai, amma ba ta san wa za ta gaya wa ba, kuma ba ta so a ce tana da raki.

Ana cikin haka Janar ya wayi gari ido ɗaya yana ruwa. Nan take Wagiran ya goya keji a babur sai wurin likitan dabbobi. Ya dawo da 'yar kwalba, ya sa wa wayarsa ƙararrawa don kada lokaci ya wuce. Daga rumfa Tukinah tana jiyo shi yana yi wa Retno karatu.

"Ko idon ya washe, sai an ƙarar da kwalbar nan tas. Idan ka tsaya a hanya, ƙwayoyin cutar da suka rage sai su gane maganin, su saba da shi. Gobe ko ganga ka ɗura masa ba zai ji ba. Jahilci ne ke sa mutane su tsaya a rabi."

Tukinah ta ji, ta ce a ranta Wagiran tun yana ƙarami akwai kai.

Ranar Lahadi aka rataye kejuna a jere a bayan wurin gasa bulo. Abin da ya faru kowa a layinmu ya ba da shi ta bakinsa, amma duk sun haɗu a kan gundarin. Janar ya buɗe da kukan gyare, ya juya zuwa na kanari, ya kaɗa wutsiya, alƙalai suna ta gyaɗa kai. Sai ya kumbura ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya yi tari. Tari na gaske, mai zurfi, na tsohuwa, har da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe. Ya sake yi. Maza manya suka watse suna jawo takunkumi daga haɓa zuwa hanci, wani ya faɗa cikin kwaɓin bulo.

Mai unguwa, wanda shi ma ya zo taron da ya hana da nasa kejin a hannu, ya matso a hankali.

"Wagiran, wa ke tari a gidanka?"

"Rediyo ne, ranka ya daɗe."

"To rediyon nan naka yana buƙatar likita."

Kafin la'asar motar asibiti ta tsaya a ƙofar gida. Mutane cikin fararen ledoji suka ɗauko Tukinah daga kan buhunan dusa, leɓɓanta sun yi shuɗi. Mai unguwa yana ɗaura ƙyalle rawaya, Murtini ta leƙo ta taga ta ɗaga murya don maƙwabta su ji kulawarta.

"Allah ya ba ki lafiya, Yaya. Ina kika ajiye abin kankare kwakwa?"

Asibitin ya cika har farfajiya, an kafa tantuna. Ta kwana a ɗaya, kashegari aka ce gado ya samu a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kai waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu. Mai gadon ya tashi, amma ba da ƙafarsa ba. Aka ɗaura mata wani abu a fuska mai hura iska da ƙarfi, aka manna mata wayoyi a ƙirji. Ko'ina na'urori suna ta kuka, kowace da muryarta. Abin da ya fara zuwa ran Tukinah shi ne, da Janar zai kwana ɗaya a nan da ya lalace har abada.

Fuskar kowa a rufe take, sai dai an rubuta sunaye da alƙalami a kan ledojin. Mai kula da ita Nas Yuyun ce, ta zana 'yar fulawa kusa da sunanta. Likitar kuma Dakta Wulan, gajeriyar mace mai magana a hankali saboda gajiya. Ita ce ta tsaya a kanta ta yi mata bayani.

"Inna, korona ta buɗe ƙofa, wani baƙo kuma ya bi bayanta ya shiga huhunki. Ƙwayar cuta ce ta daban, bakteriya. Mun ɗauki kakinki mun kai ɗakin gwaji, amma sai sun shuka ta ta tsiro kafin su san ko wace iri ce, kuma hakan na cin kwanaki. Ba zan iya jira ba, yau zan zaɓa miki magani. Abin da nake son sani, kina yawan shan kafso? Idan kina sha, na yau da kullum ba zai yi miki ba, sai in fara da mai ƙarfi."

Tukinah ta buɗe baki, iska ta ƙi ba ta dama. Sai Nas Yuyun ta kira gida ta bidiyo, ta riƙe wayar da ke cikin leda. Fuskokinsu suka cunkushe a ɗan gilashin. Dakta Wulan ta maimaita tambayar.

"Kafso?" in ji Murtini, ta dafe ƙirji. "A gidanmu? Likita, mu mutanen gargajiya ne. Citta, zuma, kurkum, shi ke nan."

"Yayata ko maganin ciwon kai ba ta sha," in ji Wagiran. "Ƙarfe ce. Mu muke roƙonta ta huta."

Likitar ta juyo. "Haka ne, Inna?"

Tukinah ta dubi ƙaninta a cikin wayar. Ita ta goya shi, ita ta koya masa tsarki. Ba a rene ta a kan ta ƙaryata maigida a gaban baƙo ba. Ta gyaɗa kai.

Ita Murtini kunya ce ta sa ta ƙarya, kada a ji a taron matan layi cewa ragowar magani take ba yayar mijinta. Shi kuwa Wagiran yana da nasa dalilin, za mu zo kansa. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne ba wanda ya tilasta musu. Tambaya aka yi musu cikin ladabi, amsarta kuma tana saman firij ɗinsu.

Aka fara mata maganin yau da kullum. Zazzaɓin ko gezau. Aka ƙara ƙarfin iska. Aka taru aka kifa ta rub da ciki don huhu ya buɗe, ita kuma ta kwanta tana jiran a fara kankare ta da kwabo, har ta yi mamakin babban asibiti irin wannan a ce ba su da kwabo ko ɗaya.

Kullum da hantsi gida sukan kira, kuma kullum da labarin wahalarsu. Murtini ta ƙone da mai. Retno ta rasa masu saye. Maƙwabta suna rataya musu abinci a ƙofa, amma tempe ɗin matar liman, wato ƙosan waken soya, ba ya soyuwa. Janar kuwa bai daina tari ba, duk da Wagiran yana kunna masa kukan gyare daga safe har dare.

"Yaya, ba zan ɓoye miki ba, kin ɓata min tsuntsu," in ji shi wata rana. "Amma ba komai, ciwo ne. Na yafe miki."

Tukinah ta ɗaga yatsu biyu daga kan katifa alamar godiya.

Asirin ya tonu ne ba da niyyarta ba. Nas Yuyun ta zo da sabuwar kwalbar allura, ta ɓalle murfin a gabanta. Tukinah ta bi hannunta da kallo, ta ja abin fuskar gefe kaɗan.

"'Yata... wannan na wa ne?"

"Naki ne, Inna."

"A'a... wa ya rage?"

"Ba wanda ya rage. Sabo ne, don ke aka buɗe."

"Kai... da kun bari. A gida... wanda aka rage nake sha."

Nas Yuyun ta ajiye allurar ta tafi da sauri, ta dawo da likita. Dakta Wulan ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce Inna ta faɗa mata duk abin da ta sha. Tukinah ba ta san sunan ko ɗaya ba. Launi ta sani, da mai shi.

"Ja da baƙi... na haƙorin Murtini. Kore... na kunnen Retno. Masu ruwan ƙwai... tun na kaciyar ɗan maƙwabta. Farare dogaye... na Wagiran. Da ya dawo gasar Semarang... yana tafiya a tattale."

"Tun yaushe kike sha?"

"Duk damina."

Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. Launi ba ya gaya mata komai, kamfani goma na iya yin ja da baƙi. Nan take ta canza magani zuwa wanda ya fi ƙarfi, a kan hasashe, ta ce a kira gida.

"Malam Wagiran, ba faɗa zan yi ba. Sunaye kawai nake so. Ta ambaci wasu farare dogaye da ka sha bayan dawowarka daga Semarang."

Fuskar Wagiran ta yi kamar an watsa mata ruwan wanki. Fuskar Murtini ta matso ta cika gilashin.

"Na Semarang? Baban Retno, ba ka ce min na basir ba ne?"

"Na basir ne mana."

"Basir ne ya sa ka yi wata guda kana kwana a falo kana cewa Janar na jin tsoro?"

"Maman Retno, a gaban likita?"

"Gara a gabanta, ta faɗa min wane irin basir ne ake kamuwa da shi a otal."

Wayar ta faɗi, aka koma ganin silin da fanka, ana jin kwanuka suna tashi, Janar kuma yana tari a gefe. Dakta Wulan ta jira har ƙura ta ɗan lafa, ta ce wa fankar, don Allah a aiko mata da gwangwanin yadda yake, da takardun da ke jikin magungunan. Mai unguwa zai karɓa a ƙofa.

A kan wannan gwangwani ne kaɗai miji da mata suka shirya a ranar. Shi ba ya son a karanta sunan fararen, ita ba ta son a ga yawan sauran. Ya juye shi kaf a masai. Ita kuma ta ce ba a aika gwangwani wofi gidan mutane, ta soya ƙanzon shinkafa ta cika shi. In ji Retno, shi ne abu na farko da uwarta ta soya bai ƙone ba.

Gwangwani ya yi tafiya ta girma. Mai unguwa ya karɓa da safar hannu, ya ɗaure a bayan babur, mai gadin asibiti ya feshe shi, aka sa a leda, aka miƙa daga hannu zuwa hannu har ɗakin kulawa ta musamman. Dakta Wulan ta ɗora a kan tebur ta buɗe. Nas Yuyun ta leƙa, dariya ta ƙwace mata har gilashin fuskarta ya yi hazo. Sai ta waiga ta ga Tukinah tana kokawa da numfashi, dariyar ta tsaya.

"Likita, ai zazzaɓi ne ya juya mata kai," in ji Wagiran da aka kira shi. "Mu gwangwaninmu na ƙanzo ne tun asali. Ku ci, sabo ne."

Sakamakon gwaji ya fito daga baya. Ƙwayar da ke huhun Tukinah ta san maganin farko, ta san na biyu, ta san kusan duk abin da ke ɗakin maganin asibitin. Shekara da shekaru ana ba ta ɗanɗano kaɗan-kaɗan, kowanne ta lasa ta saba. Saura guda ɗaya, wani tsohon magani mai wahalar da ƙoda, shi ma sai an aiko da shi daga babban birni. Kafin ya iso, hoton ƙirjinta ya yi fari fat, dama da hagu.

Dakta Wulan ta gaya wa Wagiran a waya, ba ta ɗaga murya ba, cewa da ta san gaskiya ranar farko da tun ranar ta aika a kawo shi.

"Komai nufin Allah ne, likita," in ji shi.

"Haka ne," in ji ta. "Gwangwanin kuma nufinka ne."

Ya gaya wa Murtini cewa likitocin zamani ba su da tarbiyya.

Aka sa sabon maganin, amma jikin ya riga ya gaji. Wata safiya Dakta Wulan ta riƙe hannun Tukinah ta faɗa mata gaskiya. Za su sa ta barci, su zura mata bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi mata numfashi. Wasu suna farkawa, da yawa ba sa farkawa. Idan tana da magana da gida, yanzu ne.

Gida sun riga sun shirya, don liman ya aiko musu cewa su nemi gafararta tun da sauran lokaci. Da wayar ta haɗu, sai ga su a jere a kan doguwar kujera cikin ankon Sallar bara, Retno ta kunna fitilar da take tallan man bilicin da ita don fuska ta fito. Suka haɗa tafukan hannu a ƙirji yadda muke yi a nan idan ana neman gafara ranar Idi.

Wagiran ya gyara murya. "Yaya, zaman tare ba a rasa saɓani. Idan akwai wani abu da muka yi miki, da saninmu ko ba da saninmu ba, ko da yake ni ban tuna komai ba, ki yafe mana."

"Ni ma, Yaya," in ji Murtini tana goge ido da gefen mayafi. "Kin dai san yadda na riƙe ki."

"Goggo, ki yafe min," in ji Retno. Ita dai muryarta ta yi rawa da gaske.

Suka zuba mata ido suna jiran amsa. Ba su da shakka, don ba a taɓa neman wani abu wurin Tukinah ta hana ba, yawanci ma kafin a tambaya ta bayar.

Nas Yuyun ta ɗaga mata abin fuskar. Tukinah ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba fushi take ji ba, baƙin ciki ne, mai nauyi, irin wanda bai taɓa samun wurin zama a ranta ba saboda aiki. Tana son yaron nan da ta goya, har yanzu tana son sa. Ta kuma san sarai abin da ya yi, ta san shi ma ya sani. Iskar da ta rage mata ba ta fi ta magana ɗaya ba. Ta juya kai daga wayar ta dubi nas.

"'Yata... ɗan sosa min baya."

Nas Yuyun ta mayar mata da abin fuskar, ta zura hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗarta tana sosawa a hankali. Tukinah ta lumshe ido.

"Me ta ce?" in ji Wagiran.

"Ta ce in sosa mata baya."

"A'a, kafin wannan."

"Ba ta ce komai ba, Malam."

Wagiran ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya ɗaga wayar sama ya girgiza ta.

"Sabis ne ya ɗauke. Ni na ga bakinta ya motsa. Ta yafe, alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi," in ji Murtini, ta shafa fuska. "Retno, kashe fitilar nan."

Tukinah ba ta farka ba. Kafin Juma'a lasifikar masallaci ta kira sunanta, mutanen ledoji suka binne ta a sabuwar maƙabartar bayan gari, ba wanda ya raka ta daga gida.

Har yau idan aka zauna a shagon shayi, Wagiran yakan ba da labarin yadda ya yi jinyar yayarsa bai bar komai ba, da yadda ta yafe musu da bakinta a ƙarshe, sai dai sabis ya ɗan yi gardama. Mutane su gyaɗa kai su ce Allah ya jiƙanta. Gidaje nawa ne a layinmu ke da irin wannan gwangwani, da irin wannan tsohuwa a lungun kicin, ban sani ba, ban kuma ga wanda ke son sani ba. Nas Yuyun dai 'yar ƙanwar matata ce, na tambaye ta. Ta ce a duk kiran da ta riƙe wa marasa lafiya a wannan daminar, ba ta ga wanda ya fita tangaran kamar wannan ba.